Rabin Zanen Kaciya

Yabo ya tabbata ga Mai Tsarki, wanda ba ya manta sunan kowa ko da mutane sun manta. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina karantar da Attaura a ƙaramar majami'armu ta Manchester, wadda mu Yahudawan da muka gudo daga Jamus muka kafa a saman shagon wani tela. Cikin abin da idona ya gani a can, akwai guda da nake so in rubuta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Wata Alhamis a shekarar 1988, bayan addu'ar safe, wani mutum ya shigo riƙe da hularsa a hannu, yadda ake shiga coci. Salli Bamberger, mai kula da majami'ar, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, mayar da ita kanka," in ji Salli. "A nan mai cire hula shi ne marar kunya."

Mutumin ya mayar, ya ce sunansa Cyril Ashworth, injinan noma yake sayarwa. Da Ingilishin mutanen karkara yake magana, babu ɗigon Jamusanci a harshensa. Amma a takardar da ya shimfiɗa a gabana an rubuta Kurt Lindheimer, ɗan shekara uku da rabi, wanda aka sako a jirgin da ke tserar da yara zuwa Ingila a 1939 daga wani ƙauye na gefen kogin Main. Wasu manoma Kirista ne suka riƙe shi, suka ba shi sunansu. Ya girma ya auri wata da ta zo a irin wannan jirgi, suka zauna kamar sauran Ingilawa. 'Yarsu Naomi ce ta komo ga addinin kakanninta, kuma ranar Talata ta haifi ɗa namiji. Tana so a raɗa masa sunan mahaifin Cyril, kamar yadda muke mayar da sunan mamaci a kan jariri.

"Malam, abin da takarda ta ce Gustav ne," in ji shi. "Naomi ta ce ba da wannan ake kiran mutum a gaban Attaura ba."

"Gaskiyarta. Gustav na kasuwa ne da ofishin hukuma. Yana da wani na Ibrananci da aka raɗa masa ranar kaciya."

"In ba a same shi ba fa?"

"Kaciya ba ta wuce rana ta takwas. Talata mai zuwa za a yi, a sa wa yaron wani suna mai kyau."

Ya jima yana kallon takardar. "Mu bakwai ne a gidanmu, ni kaɗai na fito. Babu kabari, babu hoto. In sunan ma bai sauka a kan yaron nan ba, to kamar ba a taɓa yin mutumin ba."

Sai na tuna da akwatin. A ƙauyukanmu, zanen da aka naɗe jariri da shi ranar kaciya ba a yar da shi. Uwa takan raba shi huɗu, ta haɗa ya zama doguwar ɗamara, ta ɗinka sunan yaron da na ubansa da ranar haihuwa, sannan addu'a. In yaro ya kai shekara uku, ubansa ya ɗauko shi ya kawo ta majami'a, a ɗaure naɗin Attaura da ita. Bayan yaƙin duniya an aiko mana da akwati guda na irin waɗannan, waɗanda aka tsinto daga ƙauyukan yankin su Cyril.

Muka kwance su ɗaya bayan ɗaya a kan benci, ina karantawa, Salli yana naɗewa. Sittin da uku ne. Babu wadda ranarta ta dace da haihuwarsa. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ga yana shafa ta ƙarshen da yatsa.

"Ai irin wannan ce a bisa murhun Mama," ya ce. "Tun ina yaro take rataye a bakin kantar da ke saman murhun. Na ɗauka ado ne."

Salli ya dube shi ta saman tabarau. "Shekara hamsin sunan ubanka yana shan hayaƙin gawayi, kai kana yawon ofisoshi da takarda. Malam, wannan ɗan namu ne, ba sai an bincika ba."

Juma'a ba ta isa tafiya da dawowa kafin Asabaci, ranar hutunmu da ba ma tafiya, ya shiga ba, don haka sai Lahadi muka tafi gidan da aka riƙe shi, bayan an tashi daga coci. Mabel Ashworth, wadda ta rene shi, ta haura tamanin, amma ita ta buɗe mana ƙofa. Ta zuba mini shayi a kofin gilashi, ta janye farantin naman alade daga gabana.

"Na san ba ka ci," ta ce. "Shi ma wannan da ya zo, wata guda bai taɓa shi ba. Yanzu dube shi."

Na miƙe na nufi murhun. Ɗamarar tana nan, ta yi launin ƙasa saboda hayaƙi, amma a wanke take, a goge. Na fara daga dama kamar yadda ake karanta harshenmu, sai na ga babu farkon rubutun. An yanke gefen da almakashi, an kalmashe bakin da ɗinki mai kyau. Abin da ya rage addu'ar ce kaɗai: Ubangiji Ya raya shi zuwa Attaura, zuwa rumfar aure, zuwa kyawawan ayyuka. Inda sunayen suke babu shi.

Cyril ya gane daga fuskata. "Mama, kin yanke ta?"

"Kantar gajeriya ce. Na zaɓi wajen da aka zana amarya da ango, ya fi kyau."

"Sauran fa?"

"Kai Cyril, ka taɓa ganin na yar da ko igiyar ɗaure kaya? Hau sama, aljihun teburi na ƙasa, ƙarƙashin farar rigar da za a sa mini in na mutu. Kada ka yamutsa mini ita."

Da ya hau, ta juyo gare ni ta rage murya. "A cikin zanen nan aka naɗe shi, ƙarƙashin riga, ranar da na karɓo shi a tasha. Ba ya daina kuka sai ya gan shi, shi ya sa na rataye rabi inda idonsa zai kai. Ɗayan na ɓoye. Na ce in uwarsa ta zo ɗaukarsa, ta ga ban lalata mata duka ba."

Sai na fahimci dalilin da ba mu same ta a akwati ba. An ƙone majami'ar ƙauyensu kafin yaron ya cika shekara uku. Uwar ba ta sami inda za ta kai ɗamarar ba, sai ta ɗaura wa ɗanta.

Cyril ya sauko da ɗaya rabin a naɗe cikin takarda, fari fat, zaren alharinin yana ƙyalli kamar jiya aka ɗinka. Na wanke hannuna, na karɓa, na karanta a bayyane: Kalonimus ɗan Yekutiyel. Ranar haihuwa ta dace da ta takardarsa.

"Yekutiyel," Cyril ya maimaita, ya zauna a kujera kamar wanda ya sauke buhu. Ni ma na yi godiya ga Ubangiji a cikin zuciyata.

Ranar Talata aka yi kaciya, aka raɗa wa yaron sunan. Salli ya leƙa fuskarsa ya ce sunan ya fi mai shi nauyi, amma zai girma ya cika shi. Mabel ta zo da hularta ta coci, ta zauna cikin mata, da ɗamarar a jakarta, ta riga ta haɗe rabin biyu: ɗaya fari, ɗaya launin hayaƙi. Da ɗamarar muka ɗaure Attaura a Asabacin da ya biyo, ranar da na kira Cyril gaban naɗin da sunansa na gaskiya karon farko.

"Ku kira shi abin da kuka ga dama, ni Cyril na sani," Mabel ta ce mini a bakin ƙofa bayan kaciyar. "Yanzu murhuna ya zama tsirara, Malam. Ka ce wa Naomi ta ba ni zanen jaririn nan. Kai ka zana mini haruffan da fensir, ni zan bi su da zare."