Ɗauko Yaya daga Gindin Mutum-mutumi

Abin da aka gaya mana a waya shi ne Yaya Bhekizwe ya yanke jiki ya faɗi a gindin mutum-mutumin wani tsohon firaminista a birni, inda yake ɗaukar mutane hoto. Gawa ta iso garinmu Nongoma, muka binne. Saura kurwarsa, wadda a al'adarmu ke can inda ya faɗi har sai na gida ya je da reshen magaryar kura ya kira ta.

Bayan girbi Mama, wadda tun rasuwar ba ta cin abincin kirki, ta tura ni. Ta ce, "Da ka kira shi, kada ka tanka wa kowa sai shi har ku shigo gida. In ka tanka, ka yar da shi a hanya."

Na sami mutum-mutumin, na tagulla, a bakin tasha, hannu a sama, kashin tantabaru har kafaɗa. Ban ji komai a raina ba. Tun ranar binnewa ba na jin komai. Na durƙusa, na ja reshen a ƙasa, na ce, "Yaya, ni ne Mqondisi. Taso mu tafi gida."

Ina miƙewa wata mai gasa masara ta ce, "Kai ƙanin mai hoto ne ko? Kamar an tsaga kara! Amma ɗan nan, ai ba nan ya faɗi ba. Bayan rasuwarsa aka ciro tsohon nan na tagulla daga wurinsa na da aka kawo shi nan, ana faɗaɗa titi."

"Ke, uwar surutu, ba ki ga reshe a hannunsa ba?" in ji mai gyaran takalmi da ke gefenta. "Bar yaro ya wuce!"

Ta toshe baki da hannu. Na tsaya ina kallonta ko za ta gaya mini wurin. Ta koma kan masararta, ni kuma ba damar tambaya. In Yaya ya biyo tsohon nan fa, ya riga ya hau reshen?

Na shiga bas, na ɗora reshen a kujerar kusa da ni. Kowace gada sai na ce, "Yaya, za mu tsallaka ruwa."

Mama na bakin shingen shanu. Ta karɓi reshen da hannu biyu, ƙaya na sukar ta, ta ce, "Ka rame, Bheki. Shigo."

Ranar ta cinye tuwonta tas.