Yayen Sambo

Indo ta ja gefen majanyin da ƙarfi don ta ga ko saƙar za ta saki. Ba ta saki ba. Ta miƙa wa mai kayan sule biyu ba tare da ta yi ciniki ba, abin da ba ta taɓa yi ba a kasuwar Ikara, ta naɗe shi ta cusa a ƙarƙashin mayafi. Shekara bakwai rabonta da sayen abin goyo.

Tun da sassafe ta baro Maƙarfi a motar masu mazarƙwaila, saboda saƙon da surukar ƙanwarta ta aiko mata. Saƙon gajere ne: Atika ta yi kwanika, ciki ya fito alhali Sambo, yaron da take shayarwa, watansa takwas, a zo a ɗauke shi a yaye. Mahaifiyarsu ta rasu, don haka ɗaukar ta faɗo kan Indo. A shekarun nan na farkon mulkin kai an sake tuta, an sake masu zama a ofis, amma a karkarar Zariya ba wanda ya sake ra'ayi game da nonon mai ciki. Guba ne, in ji kowa, kuma uwar da ta bari hakan ta faru ba ta da kamun kai.

Ta same su a gindin mangwaron da ke gaban ɗakin shan magani. Hajo, surukar, tana zaune a kan tushen itacen tana cin goro. Sama'ila, mijin Atika, yana tsaye can gefe riƙe da kekensa, kansa a ƙasa. Atika kuwa ta jingina da bango, yaron a cinyarta, cikinta ya turo zane kamar na mai wata biyar.

Indo ta durƙusa. "Iya, ina kwana? Kun zo lafiya? Ya mutanen Kurmin Kogi?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya maigidan? Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"To madalla. Kin dai ga abin da ya tara mu. Ni da a gida za mu gama, amma wancan," ta nuna ɗanta da haɓa, "ya ce sai an zo asibiti. Wai shi bai yarda ba. Ka ji wanda ya yi ɓarnar, shi ne bai yarda ba."

"Iya, na rantse miki..." in ji Sama'ila.

"Rufe min baki. A gaban yayar matarka za ka yi mini rantsuwar ɗaki?"

Indo ta dubi Sama'ila. Mutumin nan ya bar gonar barkononsa a ranar tsinka, ya biya wa mata biyu mota, shi ya biyo su a keke, don kawai kada a yi wa matarsa ƙazafi. Nata mijin na farko, da irin wannan rana ta zo mata, fita ya yi zaure ya ce maganar mata ce.

"Yaya," Atika ta ce a hankali, "wallahi ba ciki ba ne."

"To mene ne? Tuwo?"

Atika ta sunkuyar da kai. Ta yunƙura za ta gyara zama, ta dafa ƙugu ta cije leɓe, ta kasa tashi tsaye sai da ta mirgina gefe ta dafa ƙasa. A daidai lokacin da ta yunƙura, rigarta ta ɗage, Indo ta ga wani tudu ya taso a tsakiyar cikin, dogo, daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya, ya kuma kwanta da ta saki jiki.

Indo ta kawar da kai da sauri. Ta san wannan tudun. A jikinta ta san shi.

Shekara bakwai da suka wuce ita ma haka cikinta ya ƙi komawa bayan haihuwar Zulai. Aka ce kwanika. Ta yi rantsuwa, ba wanda ya saurara, har mahaifiyarta. Aka shafa mata maɗaci a nono, aka ɗauke yarinyar tana wata bakwai aka koma ba ta kunu. Zawo ya kama ta, ba ta ga damina ba. Wata tara ya cika, goma ya cika, ba ciki ba dalilinsa, sai aka ce ai kwanciya ya yi. Sai bayan ta sake aure, mijinta na yanzu ya kai ta wani asibiti a Zariya neman haihuwa, wata malamar asibiti ta kwantar da ita ta nuna mata cewa naman cikinta ne ya rabu biyu tun goyon ciki, shi ya sa kayan ciki suke turowa gaba. Ta koya mata yadda za ta haɗa shi. Indo ta yi wata shida tana yi a ɗaki, cikin ya koma, bayanta ya daina ciwo. Haihuwa kuwa ba ta sake zuwa ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, domin faɗa daidai yake da cewa uwarta ce ta kashe mata 'ya.

Ga Atika nan, 'ya'ya uku, duk a raye. Ga miji mai keke da tausayi. Ga Sambo, ƙato, kumatu kamar an hura, yana wasa da ɗan kunnen uwarsa. Indo ta taɓa majanyin ta ƙarƙashin mayafi, ta yi shiru.

Hassada ba ta buƙatar mutum ya yi ƙarya. Shiru ma ya ishe ta.

Sai wajen sha ɗaya layi ya zo kansu. Malamin asibitin, wani dattijo mai farin gilashi, ya saurari Hajo har ta gama, ya dubi Atika daga nesa.

"Iya, wannan aikin ungozomarmu ne, ni ba na duba cikin mata. Ta tafi Zariya karɓo magunguna, sai mako mai zuwa. Ku dawo."

"Mako? Yaron ya yi ta shan guba har mako?"

"Ni ban ce guba ba ce, ban ce ba guba ba ce. Na ce ku dawo."

Suka fito. Hajo ta tofar da tukar goro. "To, an zo asibiti, an ga asibiti. Kai, hankalinka ya kwanta? Indo, karɓi ɗanki. Mu motarmu da azahar take tashi."

Sama'ila ya buɗe baki, uwarsa ta dube shi, ya rufe.

Atika ba ta yi gardama ba. Ta ce a bar ta ta ba shi na ƙarshe, Hajo ta ce an gama wannan. Ta miƙa yaron da hannu biyu, sannan ta kwance wani ɗan ƙunshi daga bakin zane.

"Yaya, ga layarsa. Ba ya son kunu mai tsami. In zai yi barci sai an riƙe masa ƙafa."

"Na taɓa goyo," in ji Indo.

Ta sunkuya ta ɗora shi a baya, ta ɗaure da zane, ta fito da sabon majanyin ta ƙara. Atika ta dubi majanyin, ta ga sabo ne fil. Nauyin yaron ya zauna a bayan Indo, da ɗumi, da ƙamshin nono. Ta yi sallama ta kama hanyar tasha ba ta waiwaya ba.

Ta ratsa layin masu barkono, ta wuce masu rake. Wata mai daddawa ta ce, "Mai goyo, a zo a saya wa maigida," Indo ta ji maganar har cikin ƙashinta. A tasha motar Maƙarfi ta kusa cika, ana ɗora buhunan dawa. Ta sami wuri a kan benci kusa da wata tsohuwa mai kwandon kaji.

Nan Sambo ya farka. Ya fara da ƙunƙuni, ya shiga goga baki a bayanta yana nema. Ta sauke shi ta rungume, ya cusa kai a ƙirjinta, ya ja riga, bai sami komai ba. Sai ya saki kuka.

"Ba shi mana," in ji tsohuwar. "Ke wace irin uwa ce?"

"An yaye shi."

"Wannan? Da zafin nan?" Tsohuwar ta leƙa fuskarsa. "Allah Ya raya. Nawa biyu aka yaye haka."

Ba ta faɗi abin da ya same su ba, Indo kuma ba ta tambaya ba. Ta sayi koko a wurin wata mai tulu, ta ɗiga masa a ludayi. Ya furzar, ya banƙare, kukan ya koma wani siriri mai shiɗewa. Wannan kukan ma ta san shi. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana jinsa ta katangar gidan mahaifiyarta, an hana ta shiga.

Direba ya buga jikin mota. "Maƙarfi! Mai goyo, za ki ko ba za ki ba?"

Indo ta daɗe tana kallon motar. Ba tausayin Atika ne ya kama ta ba, kada a yi mata shaidar da ba ta cancanta ba. Har a lokacin tana jin haushin ƙanwarta kamar ta shaƙe ta. Lissafi ta yi: in ta tafi da shi, wata nawa zai yi a hannunta, kuma wa zai haƙa ramin.

"Ku tafi," ta ce.

Ta same su a rumfar masu jiran motar Kurmin Kogi. Gaban rigar Atika ya jiƙe sharkaf. Indo ta dangwara mata yaron a cinya.

"Ba shi."

"Ke, Indo!" Hajo ta miƙe. "Haukacewa kika yi?"

"Iya, ki yi haƙuri, ki biyo ni bayan rumfar nan. Sama'ila, kai tsaya nan ka juya baya."

Ta roƙi aron tabarma wurin mai tuwon tasha, ta shimfiɗa a bayan zana. Da yaron ya ƙoshi ta karɓe shi ta ba mai tuwon, ta ce wa Atika ta kwanta rigingine ta tanƙwashe gwiwa. Ta kwance mata zane zuwa mara.

"Ɗago kai, kamar za ki dubi ƙafarki."

Tudun ya taso. Indo ta kama hannun Hajo ta ɗora saman cibiya ta danna. Yatsu uku suka nutse cikin wani rami mai laushi, nama ya kama su ta gefe da gefe.

"Iya, ciki nawa kika shafa a rayuwarki? Na wata biyar haka yake? Danna mara ki ji, akwai wani abu mai tauri?"

Hajo ta danna, ta sake dannawa.

"Naman ne ya rabu. Yaron ƙato ne, ya buɗa ta, kuma tun kafin ta yi arba'in kuka mai da ita turmi da tulu."

"A gidana ba a zaman banza. Ke kuma a ina kika yi karatun likita?"

Indo ta kwanta a gefen ƙanwarta a kan tabarmar aro, ta kwance nata zanen, ta ɗago kai. "Sa hannu."

Yatsa ɗaya ne ya shiga, da ƙyar.

"A da yatsu huɗu ke shiga," in ji Indo. "Lokacin Zulai."

Hajo ta janye hannunta a hankali. Ta san labarin Zulai, duk dangi sun sani. Ta goge yatsun a zane, ta ce, "Inna lillahi," ba ta ƙara ba.

Indo ta tashi ta ɗaura zane, ta juya kan Atika, muryarta ba taushi ko kaɗan. "Saurara, sau ɗaya zan faɗa. Kullum safe da yamma ki kwanta haka. Ki ja numfashi, in za ki sake shi ki janyo cibiya ciki kamar za ta taɓa tabarma, ki riƙe, ki saki. Sau goma. Yi in gani. Ba haka ba, kin ɗauke numfashi kamar mai nutso. Sake. Yawwa. In za ki tashi, ki mirgina gefe tukuna. Ki ɗaure da zane daga ƙugu zuwa sama, ba shaƙewa ba. Daka da ɗaukar tulu, ki bar su wata uku."

"Wata uku!" in ji Hajo. "Wa zai yi?"

"Iya, kina da 'yan mata biyu a gida suna ƙiba. Mako mai zuwa kuma ku kawo ta ungozoma ta duba, kada ku ce maganar Indo ce."

Hajo ta yi tsaki, ta zagaya gaban rumfa. Suka ji tana ce wa ɗanta, "To ai sai ka ɗaga kai, an wanke ka," suka ji shi yana ta jero hamdala kamar wanda aka sako daga gidan yari.

Atika ta mirgina gefe ta tashi zaune. Ta karɓi Sambo ta rungume, tana kuka tana dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ta dubi majanyin da ke yashe a kan tabarma, ta dubi yayarta.

"Yaya, yaushe kika gane?"

Indo tana iya cewa a tasha ne. Ba wanda zai ƙaryata ta.

"Tun a gindin mangwaro."

"Tun kafin mu shiga wurin malam?"

"Tun kafin."

"Amma kika karɓe shi."

"Na karɓe shi."

Atika ta matse yaron a ƙirjinta, ta ɗan ja baya a kan tabarmar. Aka kira masu Kurmin Kogi. Ta miƙe ta hanyar da aka koya mata, ta yi taku biyu, ta tsaya ba ta juyo ba.

"In na manta yadda ake numfashin fa?"

"Ba za ki manta ba."

"In na manta."

Indo ta naɗe tabarmar ta mayar wa mai tuwo. Motar Maƙarfi ta riga ta tafi, wata kuma sai la'asar.

"Ki aiko," ta ce. "Amma in na zo, kada ki ba ni shi in riƙe."