Ruwan Gilashi a Cikin Inji

Malama ta san akwai magana tun da ta fito da safe ta tarar da mijinta a bakin famfo yana wanke baƙin mai daga hannunsa, yana murmushi shi kaɗai. Mutumin da ko ƙwan fitila ne ya mutu sai an kira maƙwabci! Unguwa kaf Farfesa ake ce masa, shi kuma a zatonsa yabo ne. A ofis hatimi kawai yake bugawa, amma da ya dawo gida ya kwanta da waya a ƙirji, to ya zama likita, ya zama lauya, ya zama injiniya. Shi ne ya gyara fankar falo, har yau iskarta silin take kaɗawa.

"Baban yara, me ka taɓa?"

"Za ki gani," in ji shi. "Yau sai kin gode mini."

Ba ta da lokacin jan magana. Mota ɗaya gare ta, ƙarama, fara, da jan harafin L na masu koyo a gaba da baya, kuma da ita take koya wa mata tuƙi shekara bakwai ke nan. Motar ita ce makarantar, ita ce ofishin. Ranar kuwa darasin ƙarshe ne na wata nas, wadda washegari za ta je gwajin lasin a cikin wannan motar da hannunta ya saba da ita.

Nas ɗin ta ja su lafiya lau har titin bayan asibiti. Kuloci daidai, giya daidai, ba ta ko duban ƙafarta. Suna jiran danja ta ba su hannu sai wani tsuntsu ya yi musu aika-aika a tsakiyar gilashi.

"Ja sandar waifa wajenki, Sista, ruwa zai feso," in ji Malama.

Ta ja. Waifa ta tashi ta shafe ƙazantar ko'ina, ruwa ko ɗigo.

"Riƙe ta da kyau, wani lokaci sai an ɗan jima."

Baiwar Allah ta riƙe, kamar yadda aka koya mata. Inji ya yi tari, motar ta girgiza. Danja ta ba da hannu, nas ta taka totur ba ta saki sandar ba. Sai suka ji ƙwas! daga ƙarƙashin bonet, kamar an buga guduma a tukunyar ƙarfe. Shi ke nan, komai ya ɗauke, na baya suna ta hon.

Da igiya aka ja motar zuwa garejin yayan Malama. Yaya bakanike ne mai ƙarancin magana, ya yi furfura a cikin injuna. Ya ɗaga bonet, ya tsaya, ya kira ƙanwarsa da yatsa ɗaya. Siririn tiyon da ya kamata ya kai ruwa gilashi an cire shi, an huda babbar robar da ke kai wa inji iska, an cusa shi ciki, an naɗe da salatif. Har da ɗaurin zaren ɗinki, nata, shuɗi.

"Auta, aikin wane ne wannan?"

Ba a ma buƙaci amsar ba, don ga Farfesa ya sauko daga acaɓa yana gyara hula, fuska fal annuri.

"Yaya, ka ga fasahar ko? Allurar ruwa ke nan! Motocin tsere da ita suke tashi. In kana son ƙarfi sai ka ja sanda kawai. Na so in ba ta mamaki ne."

"Ai ka ba ta," in ji Yaya.

Ya kwance fulogai huɗu, ya sa hannu ya juya inji. Ruwa ya yi tsartuwa daga rami na biyu, da kumfar sabulun gilashi. Nas ta ja baya tana salati.

"Abin da ka gani a waya gaskiya ne," in ji Yaya, yana goge hannu. "Akwai shi. Amma a inji mai turbo, wanda ake danna wa iska har ta yi zafi. In iskar ta yi zafi da yawa, fetur yakan kama kafin fulogi ya ba shi wuta, inji ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. To sai a fesa ruwa siriri, irin feshin turare, ruwa mai tsabta kamar na batir. Kafin ya isa ciki ya zama tururi, ya shanye zafin. Kwamfutar mota ce ke auna shi, kuma sai inji na shan wuya take saki. Wannan motar turbo gare ta?"

"A'a, amma..."

"Ta kawo maka ƙarar zafi?"

"A'a, amma a ƙa'ida..."

"Aikin fistin shi ne ya taso ya matse iska, iska kuwa tana matsuwa. Ruwa ba ya matsuwa. Ka cika wa fistin ɗaki da ruwa, ya taso da ƙarfinsa, ina zai bi?"

Sai bayan azahar aka gama buɗe ƙasan injin. Nas ta ƙi tafiya, tana zaune a kan benci da jaka a cinya, tana ta cewa ita ce ta ja sandar. Malama kuwa takaici ya hana ta ko zama. Yaya ya zaro sandar fistin, ta lanƙwashe kamar cokalin da aka taka. Sannan ya haska mata tocila ta ga inda bangon injin ya tsage.

"Wannan ba gyara, Auta. Sai dai wani injin. Irinsa kuwa, in an yi sa'a, wata biyu."

Wata biyu. Mata tara ne a hannunta, kuma ta san babu wadda za ta jira.

Farfesa ya karɓi lanƙwasasshen ƙarfen, ya ɗaga shi sama yana juyawa, ya kanne ido ɗaya. Wallahi ko gezau. Malama ta dube shi, ta nemi fushi a ranta ta rasa, sai raini zalla.

"Ka ga, Yaya," in ji shi, "ashe dai bakin tiyon ne ya yi faɗi. Da na matse shi da filaya, da yanzu wani zancen ake. Kuma ita ɗalibar ta daɗe tana ja. In sabon injin ya zo, daƙiƙa biyu kawai za a riƙa..."

Yaya ya juya masa baya, ya ci gaba da tattara sifanu.

Nas ta taso a hankali, ta tsaya kusa da Malama tana murza igiyar jakarta.

"Malama, don Allah ki yi haƙuri. Gwajin nan gobe ne, kuma na riga na ɗauki hutu. Ko kin san wata mai koyarwa da za ta ba ni mota?"

Ta sani mana. Akwai wadda ta buɗe tata makarantar bara a layin bayansu, wadda take tare ɗaliban Malama a hanya tana raba musu kati. Malama ta ciro waya, ta lalubo lambar. A bayanta Farfesa yana nan yana auna faɗin tiyo da farce.

"Rubuta, Sista," ta ce, ta fara karanto mata lambar ɗaya bayan ɗaya.