Ɗalibin Farko na Mushe Inusa

Inusa ya jingina baƙin allon da gindin gawo, ya sake goge shi da gefen rigarsa ko da yake babu rubutu a kai. An yi la'asar, kasuwar Kore Mairuwa ta fara watsewa, amma tabarmin da ya shimfiɗa ba wanda ya zauna a kansu. Mutane dai na tsaye can nesa suna kallo.

Yayarsa Habsatu, wadda ke tuyar ƙosai a bakin hanya, ta ɗago kai ta ce, "Ka zauna mana. Tsayuwarka ba ita za ta kawo su ba."

A shekarun baya, Inusa ya kusa gama makarantar horon malamai ne ciwon taɓin hankali ya kama shi. Ya daina barci, ya riƙa amsa muryoyin da shi kaɗai ke ji. Aka maido shi gida, aka ce aljana doguwa ce, aka yi na bori aka yi na malamai, a ƙarshe aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa. Habsatu ce ta nace sai da aka kai shi likita a Yamai. Ya dawo da hankalinsa da ƙwayoyin da yake sha kullum, amma ko jiran rumfa ba wanda ya yarda ya ba shi.

Da aka sami mulkin kai, aka buɗe yaƙi da jahilci, ana neman masu karatu ido rufe. Jami'in da ke ɗaukar mutane a Dogon Dutsi ya saurari labarinsa duka, ya ce, "Karatun ya gudu tare da ciwon?"

"Yana nan."

"To, shiga ka zauna."

Aka koya masa yadda ake karantar da manya da Hausa, aka ba shi allo da alli. Sai dai an gaya masa, ajin da ba ɗalibai rufe shi ake yi.

Daga cikin masu kallo wani ya ce, ba tare da ya rage murya ba, "Yanzu wanga ne zai koya muna hankali?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Inusa ya dunƙule allin a hannunsa.

Sai ga Ɗantala maƙeri ya ratso mutane, hannuwansa baƙi ƙirin da gawayi. Shi ne ya ƙera marin, shi ya buga shi a ƙafar Inusa. Tun daga ranar, in sun haɗu a hanya, sai tsohon ya kauce. Ya tuɓe takalmansa, ya zauna a tabarmar gaba.

"Mushe, sunana nika so in iya rubutawa," ya ce, yana kiransa da laƙabin malaman boko, idonsa a ƙasa. "In ba ka riƙe ni a rai ba."

Inusa ya durƙusa kusa da shi. "Baba Ɗantala, abubuwa da yawa na lokacin sun ɓace mini. Amma ban manta ka naɗa tsumma a jikin ƙarfen ba, don kada ya ci mini ƙafa. Ban sami yi maka godiya ba."

Tsohon ya miƙo hannu.

Inusa ya sa masa alli tsakanin yatsun da suka saba da guduma, ya dafa hannun, suka ja harafin farko na sunansa tare, sanda da ciki da ɗan lanƙwasa a sama.

"Ashe ƙugiya ce," in ji Ɗantala. "Wagga ko a ƙarfe na iya ta."

Ya goge, ya sake ja shi kaɗai, ta karkace. Yana cikin sakewa wani mai jaki ya ɗaure jakinsa, ya matso ya tsaya a bakin tabarma yana leƙe.

Inusa ya karɓi allin, ya karya shi biyu, ya miƙa wa mai jakin rabi.