Ashe Ba Ta Mutu Ba

"Yanke nan! Yanke, 'yar nan, kada jikokina su ga silifas ɗina ya cinye."

Baba Direba ne, maƙwabcinmu, zaune a gefena yana nuna allon kwamfutata da sandarsa. Tun da 'yarsa ta aiko masa da kyamarar bidiyo, irin mai fito da gashin gira ɗaya bayan ɗaya, unguwa ba ta sake hutawa ba. Yara na ƙwallo, ya ɗauka. Kyanwa na hamma, ya ɗauka. Matarsa, wadda muke kira Mama, tana shanya, yana biye da ita tana korarsa da tsumma. Sai ya kawo mini katin kyamarar in juye, in yanke, in haɗa, in tura wa 'yar.

Matsalarsa ɗaya ce. Maɓallin ɗauka shi ne na tsayarwa, shi kuwa a juye yake danna shi. Rabin katin ba komai sai siminti da yatsun ƙafa da numfashi.

Na ce, "Haba Baba, ka tuƙa babbar mota har ka tsufa, maɓalli ɗaya ya gagare ka?"

"Mota in tana raye ai za ki ji kukanta. Wannan munafuka ce."

Ya kwashe da dariya, tari ya sarƙe shi, sai da na kawo ruwa. Bai sake hawa matakalarmu ba. Ya ɗan kwanta a asibiti, ya cika da rana tsaka, hannunsa cikin na Mama. Wallahi na yi kuka kamar ubana ne.

Da masu gaisuwa suka ragu, Mama ta hau matakalar da kanta tana haki.

"'Yar nan, nuna mini shi. Hoton bango na ƙuruciya ne. Ni tsohona nake son gani."

Na buɗe duk abin da muka haɗa. Ga yara, ga kyanwa, ga ita kanta da tsummanta. Shi babu, kullum yana bayan kyamara. Ta ce ba komai, ta fara laluben takalminta.

"Tsaya, Mama."

Ni dai ko ledar banza ba na iya zubarwa, don haka duk abin da ya sa na yanke yana jibge a wani lungu na kwamfutar. Muka shiga bi. Siminti. Silifas. Ƙafar kujera. Can sai hoton ya wuntsila, fuskarsa ta cika allon, tabarau a kan hanci, furfura tar, ya kanne ido ɗaya yana leƙen gilashin kyamarar.

"Na kashe ta kuwa?"

Daga nesa muryar Mama ta taso: "Ka ajiye abin nan ka zo, abinci na hucewa!"

Ya yi murmushi, ya rage murya. "Ji ta. Faɗan nan nata ya fi abincin daɗi." Sai ya hango jar fitilar kyamarar tana ci. "Af! Ashe ba ta mutu ba."

Hoton ya tsaya cak a kan fuskarsa.

Mama ta saki takalmin, ta koma ta zauna. Ta kama gefen mayafinta ta goge allon a hankali, daidai goshinsa.

"Mayar da shi baya," ta ce. "Kada ki yanke komai."