Shawarata a Kan Injin Tasallah

Daren jiya mafarki ya yi gaba da ni, na tsinci kaina a ƙofar fadar shugaban wata ƙasa da rana tsaka. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya yi sama, don haka kowa ya sa lemarsa a ƙarƙashin ƙafa. Ni da ban san dawan garin ba, wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe.

Wani bunsuru mai tabarau ya tare ni, ya ce shi ne Shugaban Ma'aikatan Fada. Ya yi min murna, wai an naɗa ni Babban Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara a Kan Abin da Ya Dame Ni. Gaskiya na ji daɗi. Shekara nawa ina ba gwamnati shawara kyauta a teburin mai shayi, ba wanda ya taɓa ce min sannu.

Na tambaya yaushe zan fara aiki. Ya ce ai na riga na gama, shawarata tana hanya. Ashe suna da ofishi guda a ƙarƙashin kowane bencin mai shayi, mai rubuta duk maganar da aka fara da "da ni ne". Ya karanto min tawa ta ranar Talata: da ni ne, da na sa an kwashe duk wani injin da ke hana mutane barcin safe.

Na ce ƙwarai, ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana.

"Madalla," in ji shi. "A al'adarmu, a gidan mai shawara ake fara gwada shawara."

A zaurenmu akwai injin markaɗen matata Tasallah, wanda take tayarwa da sassafe. Shi nake nufi ranar Talatar, ba wani ba. Amma tun da aka rufe masaƙar da nake aiki, da wannan injin muke ci, mu bakwai. Har shayin da na sha na yi maganar, injin ne ya saya.

Na ce na janye. Bunsurun ya ce wannan ba hurumin ofishinsa ba ne, in tafi Ofishin Janye Shawara, a hawa na uku idan ka gangara.

Na gangara na iso sama. Wata zabuwa ce a kan tebur, tana buga na'ura da baki. Ta ce ofishin jiya kawai yake buɗewa, in dawo jiya. Na roƙe ta don Allah, ta dube ni da ido ɗaya ta ce fayil ɗina bai yi nisa ba, kunkuru ne ke kai shi. Hankalina ya ɗan kwanta. Sai ga kunkurun ya wuce ni fuu a kan babur, fayil a baki.

Sai na gan ni a wani dogon falo. Mashawarta sun fi ɗari a jere, kowa na raɗa wa na gabansa, na ƙarshe yana raɗa wa bango. Na ratsa su ina ba da haƙuri.

Shugaban ƙasar wani siririn dattijo ne, yana zaune shi kaɗai da takardata a gabansa da hatimi a hannu, idonsa cike da ƙwalla. Ya ce shekararsa shida a kan kujerar nan, shawara ba ta taɓa isowa teburinsa ba sai tawa, sauran duk a kwamiti suke tsufa. Ya rungume ni. Wallahi sai da na ji tausayinsa.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka buga. Da injin nan muke ci. Ni kuwa barcin safe nake yi saboda ba ni da wurin zuwa."

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko ita Tasallah.

Ya ce yana so ya taimake ni, amma ba ya iya fasa abu sai an ba shi shawara, kuma shawarar fasawa za ta ɗauki shekara shida kafin ta iso. Ya ɗaga hatimin. Ban san lokacin da na fizge takardar na cusa a baki ba. Ɗanɗanon tattasai gare ta, yaji har kunne. Na haɗiye da ƙyar.

Bunsurun ya gyara tabarau ya ce ya yaba da ƙoƙarina, shi ma haka yake yi da wasu, amma kwafi uku ne.

Na leƙa taga. Ga zaurenmu a tsakiyar filin fada, awaki huɗu masu kaki sun ɗauko injin a ka. Tasallah na tsaye riƙe da robar wake, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗago kai ta ce, "Baban Saude, yanzu sai ka yi barcinka."

Na buɗe baki in kira ta, sai ƙara ta fito a maimakon murya, tatatata, har gilashin tagar na rawa.

Na farka jiƙe da gumi. Rana ta fito, bangon ɗaki na karkarwa, ƙarar na nan ba ta tsaya ba. Daga zaure na ji Tasallah na ce wa wata mai kawo markaɗe ta matso da bokitinta. Na yi hamdala ta fi sau goma. Na tashi na zura silifas na fita, na ɗauki jarka na fara zuba mata ruwa a injin. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga murya ta tambaya ko ƙarar ce ta tashe ni.

Na ce ita ce, ta ƙara masa wuta.