Damar Jirgi, Hagun Kaftin

Sunan Kaftin ba a sama ya samo shi ba, a bakin shagonsa aka laƙaba masa. Mai gyaran fanka ne, kuma iyakar kusancinsa da sararin samaniya shi ne idan ya taka tsani zai kwance fankar silin. Amma tun ranar da telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya tarar da shi yana feƙe farfelar jirgi, ga fankokin mutane jibge sun yi ƙura, sunan ya zauna daram.

Ya daɗe yana juya maganar a ransa, ko amsa sunan nan ƙarya ce. Irin mutanen nan ne da za su tsinci allura a hanya su wuni suna tunanin haƙƙin mai ita. Daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci cewa tunda masu kiran ba'a suke yi, shi ma kuma ya san ba'a ce, to babu wanda aka yaudara. Sai dai shi, ɗan kaɗan, idan an kira ya ji daɗi.

Jirgin yana ɗakin baya na gidansa, kwance a kan tsohon teburin guga. Ba irin na wasan yara ba ne. Idan Kaftin ya ware hannuwansa iya warewa, ba ya taɓo bakin fiffike biyun a lokaci ɗaya. Da farin soson da ake tallafe sabon firji cikin kwali ya yi jikinsa, ya ƙarfafa shi da siraran katako, ya sa masa injin lantarki da batir mai nauyin rabin bulo. Duk abin da ya sani shi ya koya wa kansa, daga bidiyon waya da yawan ɓata kaya. Matsalar kawai, da malamin da ɗalibin babu wanda ya taɓa tashin jirgi.

An gama jirgi tuntuni, amma bai taɓa barin ɗakin ba. Yau iska ta yi yawa, gobe babu iska sam, jibi fentin jela bai yi masa ba. Gaskiyar da ba ya faɗa ita ce, muddin jirgin yana kan tebur, babu jirgin da ya fi shi iya tashi a duniya.

Sai ga saƙo cewa Inna, mahaifiyarsa, za ta dawo wurinsu da zama, ƙafa ta matsa mata. Matarsa ta tsaya a ƙofar ɗakin baya, hannu a ƙugu.

"Baban yara, ina za mu sa Inna? Ƙarƙashin fiffike?"

"Ai ana iya matsar da shi gefe."

"Wane gefen? Ko tsintsiya sai na nemi izininsa take shiga ɗakin nan. Ni dai ga magana ɗaya. Ka fita da shi ka tashe shi. In ya tashi ya sauko lafiya, na yarda ka rataye shi a falo, a saman kujerun da na fi so, duk baƙon da ya zo ya sunkuya. In ya tarwatse, shi ke nan, an rufe babin jirgi a gidan nan."

"In kuma ban tashe shi ba fa?"

"Sai Inna ta yanke hukunci. Ka san ta da son abin hura wuta."

Ya san ta. Ya amince.

Daga ranar ya duƙufa da koyon tuƙi. Rimot ɗin yana da 'yan sanduna biyu da ake turawa da babban yatsa. Idan jirgi ya ba ka baya yana tafiya, abin ba wuya: ka tura dama ya yi dama, ka tura hagu ya yi hagu. Amma da zarar ya juyo yana fuskantarka, komai ya birkice, domin damarsa ta koma hagunka. Nan ne sababbin shiga suke kashe jiragensu. Kaftin ya mayar da abin karatu. Yana wanka yana faɗa, yana naɗe wayar fanka yana faɗa: "In ya juyo, damarsa haguna ce. In ya juyo, damarsa haguna ce."

Har matar ya sa a aikin. Sai ya ce ta ware hannu ta taho daga bakin kicin, shi kuma yana daga ƙofar falo da rimot, yana faɗin inda ya tura ita kuma ta karkata.

"Dama!"

"Taka ko tawa?"

"Taki. A'a, tawa. Tsaya."

"Jirgi ba ya tsayawa, Kaftin. Na riga na shige kwandon wanki."

Kafin mako ya zagayo ta haddace ƙa'idar fiye da shi. Wata rana ya ji ta tana yanka albasa tana rera ta kamar waƙa.

Ranar tashi, ƙaninta ya zo da motar da yake dakon kaya da ita. Tsakaninsa da Kaftin akwai wasan nan na miji da ƙanin mata, wanda ƙanin ya ɗauka tamkar aikin albashi. Sai da aka cire ƙyauren ɗakin baya kafin jirgin ya fito, abin da ƙanin bai bari ya wuce ba.

"Yaya Kaftin, ka auna iska, ka auna batir, ba ka auna ƙofa ba? Na zo da buhu fa."

"Buhun me?"

"Buhun kwaso fasinjoji. Komai nisan jifa ai ka san inda zai faɗo."

Filin ƙwallo ne a bayan wata tsohuwar masana'anta, da hantsi babu kowa. Ta hagun inda Kaftin ya tsaya akwai doguwar katangar masana'antar. Ta damarsa ciyawa ce shimfiɗe, mai laushi, babu ko dutse. Nan ya dasa wa matarsa kujerar roba da hannunsa, ya ce nan ne ya fi ko'ina aminci. Motar kuma tana bayansa, ƙanin na zaune a kan bonet.

Ya haɗa batir, jirgin ya yi 'yar ƙararsa ta gaisuwa. Ya tura sandar wuta. Farfela ta ɗauka, jirgin ya fara gudu yana tsalle a kan ƙasa kamar agwagwar da aka kora, sai kawai ƙarar tayoyin ta ɗauke. Ya tashi.

Ya tashi fa! Wannan soson firji, wannan katakon, wannan gam ɗin da ya ci masa fatar yatsu, ga shi can yana hawa, rana na haska cikinsa. Ƙanin ya diro daga mota baki buɗe. Matar ta miƙe tsaye, ta sa hannu ta kare ido. Kaftin kuwa ya kafe jirgin da ido. A ransa har ya fara zaɓen inda zai kafa ƙusa a silin falo.

Ya kewaya da shi sau ɗaya, da kyar, yana jan numfashi. A kewaye na biyu rimot ya fara ƙara, alamar batir ya yi ƙasa. Ashe yawan gwajin da ya yi da safe ya shanye cajin. Ya juyo da shi don ya sauke. Jirgin ya miƙo, hanci a gaba, ya fi yadda ya zata gudu, ya fi yadda ya zata ƙasa, kuma kai tsaye shi ya nufo, shi da motar da ke bayansa.

Dole a kauce. Hagu katanga. Dama ciyawa mai laushi, da matarsa a tsaye a tsakiyarta.

Mutumin da kan wuni yana auna haƙƙin allura bai ɓata ko ƙiftawar ido ba. Abin da ya zo masa a rai, ƙarara, shi ne: ai za ta kauce. Ya tura sandar zuwa dama, wajen ciyawa, har ƙarshenta.

Jirgin ya yi biyayya. Ya karkata damarsa, ya tafi ya rungumi katanga.

Ƙarar ba ta ma kai yadda ya yi tsammani ba. Wani ɗan "ɓus" ne, sai farin soso ya tashi yana saukowa a hankali. Taya ɗaya ta gangaro ta zo ta kwanta kusa da takalminsa.

Ƙanin ne ya fara magana, kuma muryarsa babu wasa a ciki.

"Yaya... wallahi na gani da idona. Ga fili nan shimfiɗe, da ka sauke shi lafiya. Saboda yayata tana wurin ka kai shi bango." Ya kama hannunsa da hannu biyu. "Na daina yi maka ba'a. To, na rage."

Kaftin ya sunkuya ya ɗauki tayar. Matar ta baro wajen kujerarta. Ta naɗe gyalenta, ta je ta tayar da fiffiken da ya rage da ɗan kyansa, ta kakkaɓe shi. Buhun ya yi amfani.

Kafin azahar labari ya riga shi isa shago. Telan da ya raɗa masa sunan ya taso ya ba shi hannu, ya ce, "Kaftin," kuma a karon farko babu dariya a ƙarƙashin kalmar. Mai shayin bakin layi ya ƙara masa madara ba a tambaya ba. Wata mata da ta kawo fankar tebur ta ce ina ma mijinta ya ji, ko ya koyi wani abu. Kowace rana labarin yana ƙara tsawo: jirgin ya kusa taɓa gyalenta, jirgin yana aman wuta.

Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Yana zaune gaban fankar da ya buɗe, ya yi ta shari'a shi kaɗai, shi ne alƙali, shi ne mai ƙara, shi ne wanda ake tuhuma. Aiki ya yi kyau, niyya ta ɓaci. Wanne ake aunawa? Idan mutum ya nufi ɓarna, rashin iyawa ya kai shi ga alheri, ladan na wane ne, nasa ko na rashin iyawar? Wani lokaci lauyan da ke cikinsa ya miƙe ya ce wataƙila yatsan ya fi zuciyar sanin ya kamata, ai yatsan ma nasa ne. Sai alƙalin ya tambaya: to da ka tuna ƙa'idar fa? Nan lauya kan nemi wuri ya zauna. A da, ana kiransa Kaftin don ba'a, babu wanda aka yaudara. Yanzu unguwa guda ce ke yaudaruwa, kuma yana shan madararta.

Inna ta iso, aka mayar da ƙyaure, aka shimfiɗa mata gado inda teburin guga yake. Ita ma ta ji labari tun a mota. Ta dafa kansa ta ce duk tarbiyyarta ce. Wannan ya ƙarasa shi.

Washegari ya sami matar a bayan gida tana shanya. Ya tsaya yana miƙa mata abin maƙale kaya, aikin da bai taɓa yi ba.

"Maman yara, akwai maganar da nake son faɗa miki. Ranar nan a fili..."

"Dama ka tura."

Ya ɗago ya dube ta, ta ci gaba.

"Ina kallon yatsanka, ba jirgin nake kallo ba. Wa ka sa ta yi ta yawo da hannu a ware daga kicin zuwa falo? In ya juyo, damarsa hagunka ce. Da katanga ka nufa, da ni ka samu." Ta yarfe rigar Inna ta rataya. "Kifi na ganinka, mai jar koma."

"Na zaci za ki kauce."

"Da zan kauce mana. Har na ɗaga ƙafa. Amma ba kai ne za ka yanke mini wannan ba."

"Haka ne." Ya dubi ƙasa. "To me ya sa ba ki faɗa wa kowa ba?"

"In ce me? In ce mijina ya zaɓi soson firji a kaina, Allah ya taimake ni bai iya tuƙi ba? Ni ma ina da mutuncin da nake karewa. Miƙo wancan."

Ya miƙa. Ya ce zai je ya gaya wa tela gaskiya, da mai shayi, da ƙaninta.

"Ba za ka je ba. Ka faɗa ka ji sanyi, ni a bar ni da abin kunya? A'a. Kai ka ɗauko kayanka, kai za ka riƙe."

Da ya dawo daga shago da yamma, ya tarar da fiffiken nan da ya tsira rataye a falo, daidai saman kujerun da ta fi so. Ita ta sa ƙaninta ya kafa ƙusar. An goge shi tas, har inda ya tsage an bar shi a fili yadda kowa zai gani.

"Ai yarjejeniya ta ce in ya tarwatse an rufe babi," in ji Kaftin a hankali.

"An rufe na jirgi. Wannan fiffike ne." Ta gyara labule. "In ma wani za ka haɗa, ka haɗa a shago, ban hana ba. Amma ranar da ka iya bambance hagu da dama, ka gaya mini da wuri, in zauna a gida."

Aka yi sallama a ƙofa. Matar maƙwabci ce da ƙanwarta, sun zo gaida Inna. Idonsu ya sauka a kan fiffiken.

"Au, wannan ne?"

"Shi ne," in ji matar, tana nuna musu wurin zama. "Baban yara, zauna mana, ina za ka? Zauna nan ƙarƙashinsa. Bari in ba su yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara mini."

Kaftin ya zauna. Ta fara tun daga cire ƙyaure, tana kallonsa da murmushi, shi kuma yana kallon babban yatsansa na dama.